Faifan sa'a uku da rabi: yadda Leo Kottke ya zarce malaminsa John Fahey a kasuwa

A ƙarshen shekarar 1969 wani ƙaramin kamfanin faifai a Amurka mai suna Takoma ya fitar da faifan wani saurayi ɗan shekara 24. Babu mawaƙi a ciki, babu ganga, babu 'yan amshi. Jita ce kaɗai mai tsirkiyar ƙarfe, wani lokaci mai tsirkiya shida, wani lokaci mai goma sha biyu, kuma daga nan sunan faifan ya fito: "6- and 12-String Guitar". A bangonsa an zana armadillo, wata dabba mai ɓawo kamar sulke. An naɗe shi a birnin Minneapolis cikin kimanin sa'a uku da rabi, amma a hankali ya sayar da kwafi wajen 500,000.

Saurayin shi ne Leo Kottke. Kafin wannan ya taɓa fitar da wani faifai da aka naɗa a wani gidan shan kofi, wanda aka buga kwafi kaɗan, don haka masu sauraro wannan na Takoma suke ɗauka a matsayin fitowarsa ta farko. Abin mamaki, makaɗin ba shi da cikakken ji: abin fashewa na wasan yara ya lalata masa kunne ɗaya, ƙarar harbi a lokacin da yake sojan ruwa kuma ta taɓa ɗayan.

Mai kamfanin, John Fahey, ya girme shi da shekara shida kawai, sai dai shi ya share hanyar. A 1959 Fahey ya tara kuɗi daga aikin gidan mai ya buga kwafi 100 na faifansa na farko, "Blind Joe Death", ya raɗa wa kamfaninsa sunan garin da ya tashi, Takoma Park. Aƙidarsa ita ce jitar talakawa, wadda aka saba ji tana rakiyar murya, za ta iya tsayawa ita kaɗai a zaure a saurare ta yadda ake sauraron fiyano. Wanda ya saba jin gurmi ko garaya suna bin bayan mawaƙi zai gane girman wannan iƙirari. Fahey ya sha daga kiɗan bulus na baƙaƙen fatar kudancin Amurka. Ya rubuta kundin digirinsa na biyu kan Charley Patton, kuma yana cikin waɗanda suka bi sawun tsofaffin makaɗa biyu da aka manta da su, Bukka White a 1963 da Skip James a 1964, har suka dawo fage.

Kottke bai zauna gaban Fahey yana koyon inda ake ɗora yatsa ba. Ya riga ya iya kiɗansa sa'ad da ya aika masa da tef ta gidan waya. Abin da ya samu a wurinsa shi ne kunnen da ya gane abin da ke cikin tef ɗin, da kamfanin da zai buga kiɗan da manyan kamfanoni ba sa waiwaya. Duk wanda ya daɗe a ma'aikata ya san darajar ubangidan da ya karanta takardar yaronsa ya miƙa ta gaba da sunan yaron a kai.

Tushen kiɗan nasu ɗaya ne: babban yatsa yana kai da komo a kan tsirkiyoyi masu kauri yana riƙe da taki, sauran yatsu suna fitar da karin. Daga nan suka rabu. Fahey mai jan rai ne, yakan tsaya kan sauti guda har ya yi duhu, yakan shigo da amon da bai dace ba da gangan. Kottke kuwa gudu yake yi kamar ruwan sama a kan kwano. A "Vaseline Machine Gun" mai sauraro zai rantse mutum biyu ne ke kaɗawa. A ganina an cika yabon saurin, an manta da natsuwar da ya nuna inda ya juya wani kiɗan Bach zuwa jita a cikin faifan. Can ne aka fi jin ƙanshin Fahey.

Faifan ya zama wanda ya fi kowane ciniki a tarihin Takoma, har da na mai kamfanin. Ba a daɗe ba Kottke ya koma babban kamfanin Capitol, inda ya fitar da "Mudlark" a 1971, kuma Fahey na cikin waɗanda suka tsara aikin. A 1974 Takoma ta haɗa su biyun da Peter Lang a faifai ɗaya.

Gudun ya zo da farashinsa. A farkon shekarun 1980 ciwon jijiya ya kama hannun Kottke saboda ƙarfin bugu da faratan da yake saƙalawa a yatsu, dole ya ajiye su ya sake koyon kiɗa da tsokar yatsa. Fahey kuwa ya sayar da Takoma ga kamfanin Chrysalis a 1979. Rashin lafiya da talauci suka kai shi zaman ɗakunan haya masu araha a Salem ta jihar Oregon, yana jinginar da jitocinsa, yana tsintar tsofaffin faya-faye a shagunan gwanjo yana sayarwa. Matasan makaɗa sun sake gano shi a shekarun 1990. Ya rasu a Fabrairun 2001, saura kwana shida ya cika shekara 62.