Wa Ke Dariya Idan Ana Kallon Gidan Badamasi a Ka'oje?

Tun shekarar 2019 da tashar Arewa24 ta fara nuna Gidan Badamasi, wasan barkwancin da Falalu Ɗorayi ke ba da umarni, sunan Alhaji Badamasi ya shiga bakin mutane. Magaji Mijinyawa ne ke fitowa a matsayin wannan dattijo: attajiri ne a kan keken guragu, ya yi aure-aure a ƙuruciya, ya tara 'ya'ya daga uwaye daban-daban, ga su yanzu sun cika masa gida kowa idonsa na kan dukiya, shi kuwa ko ƙwandala ba ta fita daga hannunsa sai an yi gumi. Ana kallon wasan a Kano inda aka shirya shi, ana kuma kallonsa a Ka'oje, can ƙaramar hukumar Bagudo ta Jihar Kebbi, inda tafiya kaɗan za ta kai mutum Tsamiya, ya tsallaka Segbana a Jamhuriyar Benin. Wanda ya zauna cikin masu kallo a irin wannan gari zai lura cewa ba a wuri ɗaya kowa ke dariya ba. Inda maigida ya tuntsire, uwargida tsaki take yi. Inda samari suka ɗau shewa, dattijo na neman takalminsa. Wannan rabuwar kai tana da dalili, kuma dalilin ya faro ne daga yadda ake gina irin wannan wasa.

Marubucin barkwanci mai dogon zango tarko yake haɗawa. Yakan nemo mutanen da halinsu bai zo ɗaya ba, ya kulle su a wurin da babu mai iya fita. Ma'aikaci na iya ajiye aiki, aboki na iya yanke hulɗa, maƙwabci na iya tashi, amma ɗa ba ya sallamar ubansa, uba kuma ba ya goge ɗansa daga zuriya. Shi ya sa marubuta a ko'ina suke komawa cikin gida. Bayan an ɗana tarkon, doka ɗaya ce tak: kada a warware matsalar. Kowane mako za a tayar da ƙura, ta lafa, a koma inda aka faro. Ranar da Badamasi ya daina rowa ya raba wa 'ya'yansa abin da suke nema, ranar wasan ya ƙare, kowa ya kama gabansa.

A nan ne ƙorafi na farko ke fitowa. Mai kallon da ya tashi da finafinan Kano na kaset ya saba da labari mai kai da gindi: azzalumi ya ga sakayya, mai haƙuri ya dafa dutse, a yi tuba, a rufe. Ko shiri mai dogon zango irin Labarina na Aminu Saira gaba yake tafiya, abin da ya faru jiya yana haifar da na yau. Sai mutum ya zo wa Gidan Badamasi da wannan ma'auni, ya ce, "Wai har yanzu tsohon nan bai ba su komai ba?" ko "To ina darasin?" Mai wannan tambaya, ba tare da ya sani ba, roƙon wasan yake ya kashe kansa.

Irin wannan tarko na cikin gida ba sabo ba ne: Amurkawa sun daɗe suna cin abinci da labarin nauyin iyali da ya faɗo wa mutum ba shiri. Full House, wanda tashar ABC ta nuna daga 1987 zuwa 1995, labarin magidanci ne da matarsa ta rasu ta bar masa 'yan mata uku, ya kira ƙanin matar da wani amininsa su tare a gidan su taya shi reno. The Fresh Prince of Bel-Air na tashar NBC, daga 1990 zuwa 1996, Will Smith ne yaron da uwarsa ta tura gidan 'yar'uwarta mai auren attajiri don ta raba shi da rigimar unguwa. A wajensu zuwan baƙon shi ne abin mamakin, domin gidan da suka ɗauka daidai shi ne miji da mata da 'ya'yan cikinsu.

Ka ba mutumin Ka'oje wannan labari, zai jira ka kai wurin abin dariyar. Yaro ya koma gidan ƙanwar uwarsa, sai me? Gida nawa ne a garin babu ɗan riƙo? Yaya ya rasu, matarsa ta gama takaba ta wata huɗu da kwana goma ta koma gidansu, yara sun zama na baffa. Ƙanwa aure ya mutu, ta dawo da goyo da mai bin goyo. Ƙane ya tafi cirani Legas ko Kwatano, ya ce wata uku, ga damina ta biyu ta kama. Ambaliyar 2020 da ta cinye gonakin shinkafa a Kebbi ta jefa iyalai da dama gidajen dangi, haka ma rashin tsaron da ya tashi ƙauyuka a Zamfara da Sakkwato. Ga kuma dangi na tsallaken iyaka, waɗanda layin da Ingila da Faransa suka shata bai raba su da 'yan'uwansu ba, suna turo yara karatun allo ko koyon sana'a. Ko ɗan fari, a al'adar Fulani da Hausawa, sau da yawa a hannun kakanni yake tashi saboda kunya. Zuwan yaro ba labari ba ne a nan. Labarin yana wajen tambayar da ba a yi da ƙarfi: wa zai ciyar?

Amsar shari'a da amsar gari ba ɗaya ba ce, kuma a tsakaninsu ne barkwancin ya samu wurin zama. Duk wanda ya karanta Risala ta Ibn Abi Zaid a zaure ya san cewa a mazhabar Malikiyya ciyarwar da ta wajaba a kan namiji ta matarsa ce, da 'ya'yansa ƙanana da ba su da dukiya, da iyayensa idan matalauta ne. Ɗan'uwa ba ya ciki, balle 'ya'yan ɗan'uwa. Alƙali ba zai ɗaure baffa don ya ƙi ɗaukar marayu ba, ko da yake addini ya kwaɗaitar da riƙon maraya matuƙa. Amma gari ba ya yafewa. Wanda ya ce ba shi da hali, za a riƙa nuna shi da baki har jikokinsa. Saboda haka magidanci yakan ce "Allah ya kawo su lafiya, ai gidansu ne," alhali a zuci yana lissafin damin geron da ya rage a rumbu.

Badamasi shi ne mutumin da ke faɗin abin da ke zuci a fili. Yana ƙirga loma, yana tuhumar kowa da son cin dukiyarsa, ba ya jin kunyar kowa. Dariyar da magidanta ke yi masa, a ganina, ba ta raini ba ce zalla. Akwai sauƙin zuciya a ciki, irin na wanda ya ji wani ya furta abin da shi bai isa ya furta ba. Sai dai marubutan sun yi wayo: nauyin da ya faɗo wa Badamasi shi ya jawo wa kansa, 'ya'yan cikinsa ne, ba na wani ba. Don haka mai kallo na iya jin daɗin rowar, ya kuma la'ance ta a lokaci guda, ya tashi yana ganin shi dai ya fi wannan tsoho.

Mata kuwa da wani ido suke kallo. A zaure ake yanke shawarar karɓar yara, a madafa ake biyan kuɗinta. Uwargida ce za ta ƙara ruwa a miya, ta raba tuwon mutum shida ya ishi tara, ta wanke fitsarin kwance na yaron da ba ita ta haifa ba, kuma idan ta tsawata masa sau ɗaya a ce ga mugunta ta fito. Shi ya sa idan wasa ya fito da matar uba ko matar baffa a matsayin muguwa, kamar yadda finafinan Hausa suka saba tun zamanin tatsuniya, za ka ji mata na cewa, "Su dai kullum mu ne miyagu." Wannan ƙorafi yana da gaskiya. Muguntar matar uba ta fi sauƙin rubutawa, tana kawo kuka da wuri. Matar da ta riƙe 'ya'yan wani shekara goma sha biyar ba wanda ya ce mata sannu, ita ba ta da wani abin nunawa a kyamara, ga shi kuwa irinta sun fi yawa.

Akwai mai kallo na uku da ba ya cewa komai: agola ko ɗan riƙo da ke zaune a gefen tabarma. Idan aka yi raha a kan wanda ya zo cin arziki, kowa ya yi dariya, shi ma yakan yi, domin rashin yin ta zai fi tona shi.

Gardama mafi zafi ita ce ta tarbiyya. Dattawa kan ce wasan na koya wa yara ɗaga wa uba murya da yi masa dabara. Samari kan ce ai 'ya'yan Badamasi haƙƙinsu suke nema, wanda ya haifa ya watsar bai cancanci a durƙusa masa ba. Don a gane zafin dattawan, sai a tuna cewa Bahaushe bai taɓa hana barkwanci ba, hanya ya shata masa. Jika na tsokanar kaka yadda ya ga dama. Taubasai na yi wa juna tsiya a bainar jama'a. Bafillace da Babarbare, Bagobiri da Bayarabe, kowa ya san wasansu, har hukumar UNESCO ta sa wannan al'ada ta ƙasar Nijar cikin jerin kayan gadon duniya a 2014. Amma tsakanin ɗa da uba babu wasa. A gari irin Ka'oje, inda Fulani suke da yawa kuma uwa ba ta kiran sunan ɗanta na fari, wannan katanga ta fi tsayi. Gidan Badamasi daidai kan katangar yake rawa. Abin da ke ba saurayi dariya shi ne ainihin abin da ke ɓata wa mahaifinsa rai, ba za a iya cire ɗaya a bar ɗaya ba. Masu cewa a gyara wasan ya zama mai ladabi amma ya ci gaba da ban dariya, suna neman fura ce ba tare da an dama ba.

Ba yau aka fara ba. Samanja na Usman Baba Pategi da wasannin Ƙasimu Yero a talabijin ta Kaduna, da Idon Matambayi na NTA Sakkwato a zamanin da Kebbi ke cikin Jihar Sakkwato kafin a ƙirƙiro ta a 1991, duk sun yi wa manya dariya. Bambancin shi ne a da talabijin ɗaya ce a unguwa, yaro da babba gaba ɗaya suke kallo, babba na iya kashewa.

Inda ake kallo ma yana sauya abin da ake ji. Wasannin Amurka da yawa a gaban 'yan kallo ake ɗaukarsu, ko kuma a saka dariyar na'ura, don a nuna wa na gida inda zai yi dariya. Namu galibi ba su da wannan, sai ɗan kiɗa da ke nuna an yi abin raha. Dariyar daga ɗakin take fitowa. A shagon mai shayi ko gidan kallo, inda maza ne zalla, wanda ya fi kowa murya shi ke ja, saura su bi. A tsakar gida, gaban talabijin mai aiki da sola ko janareta, idan maigida na nan kowa fuskarsa yake duba kafin ya saki jiki. A waya kuwa, da abin ji a kunne, ba mai duba kowa. Fitowa ɗaya, hukunci uku.

Sai dai ra'ayin Ka'oje ba ya cika komawa Kano. Masu shirya wasa suna auna karɓuwa ne da yawan waɗanda suka kalla a YouTube, da abin da ake faɗa a Facebook da TikTok, da kuma tallan da kamfanoni ke kawowa. Mai kallo na bakin iyaka sau da yawa ba ya ƙona data. Wajen masu turi yake kai wayarsa ko memori, a zuba masa shirin mako da 'yan kuɗi kaɗan, shi kuma ya tura wa mutum biyar ta Xender. Mutum ɗaya ya sauke, gari guda ya kalla, lissafi ya nuna ɗaya. Wanda ba a ƙirga ba kuwa ba a rubuta wasa dominsa. Ko Daɗin Kowa, da Arewa24 ta fara a 2015 kuma ya fi kusa da rayuwar talaka, har ya taɓo almajirci da shaye-shaye da gudun hijira, garinsa ya fi kama da bayan birnin Kano, kuma Hausar da ake yi a ciki ba ta Kabi ba ce.

Wannan na da tasiri a kan yadda ake fahimtar nauyin kansa. A gidan birni, yaron da aka kawo kuɗin makaranta ne da ƙarin ɗaki a gidan haya, asara ce tsantsa. A gidan manomi ko makiyayi lissafin ya fi haka sarƙaƙiya. Yaro ɗan shekara goma sha biyu baki ne a bazara, amma hannu ne a damina, mai kora shanu ne, mai tsaron tsuntsu ne a fadamar shinkafa. Shi ya sa wani lokaci mutumin karkara ba matsalar yake wa dariya ba, firgicin mutanen birni yake wa. Amma lissafin nan ma ya fara karkata. Rufe iyakokin ƙasa a watan Agustan 2019 ya taɓa cinikin garuruwan da ke rayuwa da shige da fice, cire tallafin man fetur a Mayun 2023 kuma ya ɗaga farashin komai, daga taki har kuɗin mota zuwa Birnin Kebbi. Ƙarin baki uku a gida yau ba daidai yake da na shekara goma baya ba.

Rigimar riƙo ta karkara ma ba a ranar da aka kawo yara take tashi ba. Tana jiran ranar da maraya ya girma ya nemi aure, ya tambayi baffansa ina shanun mahaifinsa da gonar fadama. Baffa ya ce da me aka ciyar da ku shekara goma sha biyar? Daga nan sai gaban mai unguwa, in ta ƙi a wuce wajen hakimi, in ta ƙi nan ma a dangana da kotun shari'a, kowane ɓangare da shaidunsa, kuma dukkansu dangin juna ne.