Mayar da harajin man dizal ga motocin dakon kaya a Tarayyar Turai

Mayar da harajin man dizal wani tsari ne da wasu ƙasashen Tarayyar Turai ke bi, inda gwamnati ke mayar wa kamfanonin sufuri wani kaso na harajin da suka biya lokacin da manyan motocinsu suka sha mai. Direba yana biyan cikakken kuɗi a gidan mai kamar kowa, daga baya kamfani ya gabatar da rasit ya nemi a mayar masa da rarar.

Asali

Tsarin ya samo tushe ne daga dokar harajin makamashi mai lamba 2003/96/EC, wadda aka amince da ita a watan Oktoban 2003. Dokar ta tsayar da mafi ƙarancin harajin da kowace ƙasa za ta ɗora wa dizal, wanda tun daga shekarar 2010 ya zama Yuro 330 a kan kowace lita 1,000. Sashe na 7 na dokar ya ba ƙasashe damar rage wa motocin kasuwanci haraji, muddin bai yi ƙasa da wannan adadi ba. Motar kaya ba ta shiga tsarin sai nauyin da aka yarda ta kai da lodinta ya kama daga tan 7.5 zuwa sama.

Bambanci tsakanin ƙasashe

Ba kowace ƙasa ke amfani da damar ba. Jamus tana karɓar Yuro 470.40 a kan lita 1,000 kuma ba ta mayar wa masu dakon kaya komai. Faransa, Beljiyam, Italiya da Sifaniya suna mayarwa, amma kowacce da ƙa'idarta. A Faransa harajin da ke saura bayan an mayar shi ne Yuro 451.90 tun daga 2020, a Italiya kuwa Yuro 403.22. Italiya tana karɓar buƙata duk bayan wata uku ta hannun hukumar kwastam, kuma tun 2021 ta cire tsofaffin motoci masu yawan hayaƙi, ta bar ajin Euro 5 da na sama. Sifaniya ta taƙaita lita 50,000 ga kowace mota a shekara.

Motar da aka yi wa rajista a wata ƙasar Tarayyar ma tana da haƙƙin neman kuɗin a inda ta sayi man.

Tasiri da suka

Mai na cikin manyan abubuwan da ke cin kuɗin mai tirela, kuma tanki ɗaya kan kai mota nesa ƙwarai. Saboda haka kamfanoni ba farashin gidan mai kaɗai suke dubawa ba, suna lissafin abin da zai rage bayan an mayar, sannan su zaɓi ƙasar da za su cika tanki. Sakamakon haka wata ƙasa kan karɓi harajin, wata kuma ta ɗauki lalacewar hanya da hayaƙi. Lukzambur ta daɗe tana cin moriyar wannan saboda arhar manta.

Ƙungiyoyin masu sufuri suna ganin tsarin yana kare su daga gasar kamfanonin ƙasashe masu sauƙin haraji. Masu rajin kare muhalli kuwa suna ɗaukarsa tallafi ne ga mai gurɓata iska. A watan Yulin 2021 Hukumar Tarayyar Turai ta gabatar da ƙudirin soke wannan rangwame, sai dai sauya dokar haraji a Tarayyar na buƙatar amincewar dukkan ƙasashe mambobi.