BAƘI MASU ZUWA KALLON DAJI: BAYANI GA HAKIMAN IYAKAR JIBIYA

Akwai wata irin tafiya da ake kira yawon buɗe ido na daji, watau mutum ya taso daga nesa, ya biya kuɗinsa domin kawai ya ga itatuwa da duwatsu da namun dawa suna zaune lafiya a wurinsu. Mai jin wannan da fari sai ya yi dariya, amma fa akwai garuruwan da suka ci abinci da ita.

Misalinta yana ƙetaren iyakarmu. A ƙasar Kure ta Nijar, a 1996, raƙuman dawa 49 kaɗai suka rage. Da aka hana farautarsu, aka sa 'ya'yan ƙauyukan su zama 'yan jagora suna karɓar lada a hannun baƙi, sai suka hayayyafa har suka haura 600. A 2018 aka ɗebi takwas aka kai gandun dajin Gadabeji na jihar Maraɗi, wanda aka keɓe tun 1955.

Mu ma ba mu rasa abin nunawa ba. Ga madatsar ruwan Jibiya a kan kogin Gada, ga dajin Rugu da duwatsun ƙasar Ruma daga kudu, ga dajin Baban Rafi da tafkin Madarumfa da zarar an wuce Magama.

Sai dai baƙo ba ya zuwa inda zai ji tsoron ransa. A watan Agusta na 2020 'yan bindiga suka kashe mutum takwas a Kure, shida Faransawa ne, nan take kasuwar 'yan jagora ta mutu. Ɓarnar da 'yan bindiga suka yi a Rugu kuwa ba hakimin da ke bukatar a ba shi labarinta. Har wa yau an rufe iyaka a 2019, aka sake rufe ta a 2023, aka buɗe a Maris na 2024.

Saboda haka aikin yanzu shi ne tsare abin da baƙon zai zo gani in ƙasa ta kwanta. Ana roƙon hakimai su gargaɗi dagatai a kan saran ɗanyen itace domin gawayi, da sa wa daji wuta da kaka. Malaman hakimai kuwa su buɗe littafi, su rubuta sunan kowane dutse da tafki da kufai na gundumarsu, da tarihinsa daga bakin tsofaffi, da sunayen maharban da suka san hanyarsa.