Daga wanke keji zuwa horar da kare: sana'ar da samarinmu ke tsaye a bakin ƙofarta

Da zarar an gama kaka an zuba hatsi a rumbu a ƙasar Ɗambatta, Makoɗa, Kunci, Tsanyawa da Bichi, sai samari su fara ɗaure kayan ci-rani. Ƙasa ce mai cunkoson jama'a, gona ta haɗe da gona, kuma abin da uba ya bari, in an raba wa 'ya'ya, ba ya ciyar da gida shekara. Wasu su nufi birnin Kano, wasu Abuja ko Legas. Cikin masu samun aikin gadi akwai waɗanda ake haɗa wa da kula da karnukan maigida. Wasu kuma sukan samu aiki a wuraren da masu hali ke ajiye karnukansu idan tafiya ta kama su. Aikin dai shi ne wanke keji, dafa abinci, cire kaska da fita da kare da asuba. Sai yaro ya ga wani ya zo da babur, ya yi awa guda da karen, ya karɓi kuɗin da ya fi nasa nesa ba kusa ba. Wannan shi ne mai horarwa.

Ni a ganina babu wanda ya fi wannan yaro cancantar zama mai horarwa. Wanda ya shekara yana ba karnuka abinci ya san wanda ke tsoro da wanda ke shirin cizo tun kafin ya yi gurnani: yadda yake kwantar da kunne, ya cusa wutsiya tsakanin ƙafafu, ko ya sandare ya kafe mutum da ido. Ga kuma gado. Farauta da karnuka tsohuwar al'ada ce a ƙauyukanmu lokacin rani, kuma maharbin da karensa ke kamo zomo ko gafiya ya kawo masa ya san abin da ake kira horo, ko da bai taɓa shiga aji ba.

Akwai masu ƙyamar sana'ar saboda addini, don haka ya kamata a faɗi abin da ke littafi. Aya ta 4 a Suratul Ma'ida ta halatta abin da horarrun dabbobin farauta suka kamo, hadisi kuma ya yarda da ajiye kare don farauta da tsaron dabbobi da gona. Malaman fiƙihu har alamar horarren kare sun bayyana: in an aike shi ya tafi, in an tsawata masa ya tsaya. A mazhabar Malikiyya da muke bi, kare mai rai ba najasa ba ne, duk da cewa ana wanke ƙwaryar da ya yi lallagi a ciki sau 7.

To me ya rage wa mai wanke keji? Babban abin shi ne ya bar sanda. Yawancinmu mun tashi muna ganin ana horar da kare da duka da yunwa, har ana cewa haka ne yake sa shi zafi. Kare yana koyo ne ta hanyar danganta abin da ya aikata da abin da ya biyo baya nan take. In ya zauna ka ba shi guntun nama cikin daƙiƙa ɗaya ko biyu, zai gane zaman ne ya jawo naman, gobe ya ƙara. In ka dawo da yamma ka doke shi saboda kazar da ya kashe da hantsi, abin da zai koya kawai shi ne dawowarka gida masifa ce. A shekarar 2020 masu bincike a Jami'ar Porto ta ƙasar Fotugal sun auna karnuka 92 daga makarantun horo 7, suka ga waɗanda ake horarwa da tsawa da fizgar igiya sinadarin damuwa ya fi hawa a yawunsu bayan darasi. A 2021 ƙungiyar likitocin halayyar dabbobi ta Amurka ta fitar da matsaya cewa a riƙa horo da lada. Karen da duka ya tsorata shi ne wanda wata rana zai ciji ɗan maigida.

Sai kuma sanin lokaci. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Daga mako 3 zuwa wajen mako 12 da haihuwa ne kwikwiyo ke sabawa da duniya. Abin da ya gani a wannan tsakani, yara ne, awaki ne, ƙarar babur ce, ba kasafai zai firgita shi ba idan ya girma. Darasi kuma gajere ake yi, minti 5 zuwa 10, a maimaita kullum. A zafin bazara na Kano, da kan haura digiri 40, da sanyin safiya ko bayan la'asar ake aiki, domin kare da haki yake rage zafin jikinsa, kuma karnukan waje masu yawan gashi nan da nan suke galabaita.

Wanda ya fi kare wuyar koyarwa shi ne maigidan. Ka yi wata guda kana hana kare tsalle a jikin baƙo, mutanen gida kuma suna shafa shi duk lokacin da ya yi tsallen, aikinka ya tashi a banza. Dole mai horarwa ya iya zama da maigida da uwargida cikin ladabi ya nuna musu kalmomin da za su riƙa faɗa da lokacin ba da lada. Ya kuma riƙe littafi, ya rubuta sunan kowane kare, abin da aka koya masa da ranar rigakafinsa. A Amurka wata hukumar ba da shaidar masu horar da karnuka ba ta barin mutum ya zauna jarrabawa sai ya nuna awa 300 na aiki cikin shekara 3. A nan, hanya ita ce ka bi wani gwani ka yi masa yaron aiki, ka fara da karenka, mutane su gani da idonsu. Rundunar 'yan sanda da hukumar NDLEA suna da sassan karnuka masu sansano bama-bamai da ƙwayoyi, amma sai an ɗauke ka aikin ɗamara tukuna.

Batun da ba a wasa da shi shi ne ciwon haukan kare. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta yana kashe mutum kusan 59,000 a shekara, akasari a Afirka da Asiya, kuma wajen kashi 40 cikin 100 yara ne 'yan ƙasa da shekara 15. Da zarar alamunsa sun bayyana, da wuya a tsira. Duk wanda zai yi wannan sana'a ya nemi rigakafin kansa, kada kuma ya karɓi karen da ba a yi wa allura ba. In an ciji mutum, a wanke wurin da sabulu da ruwa na minti 15 a garzaya asibiti a ranar. Masana sun ce in aka yi wa kashi 70 cikin 100 na karnukan yanki allura, cutar tana yankewa, kuma cibiyar binciken dabbobi ta Vom a Jihar Filato tana haɗa allurar.

A nan ne waɗannan samari za su yi wa ƙauyukansu amfani, domin su ne za su iya kama karen da jami'in allura ke tsoron tunkara, kuma mafarauta za su saurare su. Muna da Kwalejin Aikin Gona ta Audu Bako a Ɗambatta, a cikin wannan yanki. Ina kira gare ta da Ma'aikatar Gona ta Jihar Kano su buɗe gajeren kwas na rani kan kula da karnuka da horar da su, da Hausa, su gayyaci sarakunan dawa, su ba waɗanda suka kammala takardar shaida da allurar rigakafi kafin su tafi ci-rani.