Amanar Mai Karatu: Yadda Ma'aikatan Laburare A Amurka Ke Yi Idan Jami'an Tsaro Sun Zo Neman Sunaye

Duk wanda ya daɗe a kasuwa ya san nauyin littafin bashi. A cikinsa ne ake rubuta wane ya ɗauki buhu nawa, wane ya biya, wane kuma har yanzu ana binsa. Mai shagon kirki ba ya buɗe wannan littafi ga duk wanda ya tambaya, domin asirin mutane ne a ciki. To, jama'a masu karatu, akwai wasu ma'aikata da su ma suke riƙe da irin wannan littafi, su ne ma'aikatan ɗakin karatu, wato laburare. A wurinsu ake samun sunan wanda ya ari littafi, da irin littafin da ya ara, da ranar da ya zauna gaban kwamfuta ya shiga intanet. Abin tambaya a nan shi ne, idan jami'in tsaro ya shigo ya ce a ba shi waɗannan sunaye, me ya kamata su yi? A ƙasar Amurka an daɗe ana ja-in-ja a kan wannan batu, har ta kai wata ma'aikaciya ta kwana a gidan yari.

Tun shekarar 1939 ƙungiyar ma'aikatan laburare ta Amurka, ALA, ta sa riƙe sirrin mai karatu cikin ƙa'idojin aikinta. Hujjarsu mai sauƙi ce. Mutum yana iya aron littafi a kan wata cuta da yake jin kunyar faɗa, ko a kan rabuwar aure, ko addini, ko siyasa. Idan ya san za a kai sunansa wurin hukuma, sai ya fasa karatun. Kuma karanta abu ba ya nufin aikata shi, kamar yadda sayen wuƙa a kasuwa bai mayar da mutum ɗan fashi ba. Jihohi 48 daga cikin 50 na ƙasar suna da dokar da ke kare waɗannan bayanai.

Babu takarda, babu suna

Kada wani ya ɗauka cewa ma'aikatan laburare sun fi ƙarfin doka. Abin da suke bi tsari ne, mataki bayan mataki. Idan jami'i ya zo da baki kawai, ko da ya nuna katin aikinsa, ƙaramin ma'aikacin da ke kan tebur ba ya ba da komai. Zai gaishe shi cikin ladabi, ya kai shi wurin shugaban laburare, shi kuma ya kira lauya.

Idan sammaci ne jami'in ya kawo, akwai sauran lokaci. Lauya zai duba ko an rubuta shi yadda doka ta tanada, kuma ana iya zuwa gaban alƙali a nemi ya soke shi ko ya rage yawan abin da aka nema. Idan kuwa takardar izinin bincike ce mai ɗauke da sa hannun alƙali, to ba a tare hanya, domin nan take ake aiki da ita. Sai dai ma'aikata su tsaya su tabbatar abin da aka ambata a takardar kaɗai aka ɗauka, kada neman mutum ɗaya ya sa a kwashe sunayen mutum dubu.

Akwai kuma wata dabara da ta fi duk waɗannan. Laburare da yawa sun tsara kwamfutocinsu ta yadda da zarar mutum ya mayar da littafi kuma ba a binsa tara, sai alaƙar da ke tsakanin sunansa da littafin ta goge. A shekarar 2003 laburaren garin Santa Cruz da ke jihar Kalifoniya ya yi suna saboda yana kekketa takardun rajistar masu amfani da kwamfuta a kowace rana. Abin da ba ka ajiye ba, ba mai karɓarsa a hannunka. Amma wannan sai in al'adar aiki ce ta kullum. Lalata takarda bayan sammaci ya iso laifi ne babba.

Waɗanda suka tsaya

A shekarar 1972 wata ma'aikaciyar laburare mai suna Zoia Horn, wadda ta yi aiki a jami'ar Bucknell ta jihar Pennsylvania, ta ƙi ba da shaida a shari'ar wasu masu adawa da yaƙin Biyetnam. Alƙali ya tura ta gidan yari, ta yi kwana 20. A shekarar 1987 kuma asiri ya tonu cewa jami'an hukumar bincike ta FBI suna zagaya laburaren jami'o'i, ciki har da jami'ar Columbia ta birnin New York, suna roƙon ma'aikata su riƙa sa ido a kan baƙi, musamman 'yan Tarayyar Sobiyat da ƙawayenta. Ma'aikata da dama suka ce su ba 'yan leƙen asiri ba ne.

Bayan harin 11 ga Satumba 2001 al'amarin ya ƙara zafi. Ranar 26 ga Oktoba na wannan shekara Shugaba George Bush ya sa hannu a kan dokar da ake kira Patriot. Sashe na 215 na dokar ya ba FBI damar neman kowane irin kundi ta hanyar wata kotu mai zama a asirce, kuma wanda aka nema a wurinsa ba shi da ikon faɗa wa kowa. Gwamnati tana da tata hujjar, domin bincike ya nuna wasu daga cikin maharan sun yi amfani da kwamfutocin laburare kafin harin. A watan Satumba 2003 Ministan Shari'a John Ashcroft ya ce ma'aikatan laburare suna tayar da hankalin jama'a ne a kan banza, ya kuma bayyana cewa har zuwa lokacin ba a taɓa aiki da sashen ba ko sau ɗaya.

Ba a daɗe ba sai ga abu ya faru a Deming, wani ƙaramin gari a jihar Washington, kusa da iyakar Kanada. A shekarar 2004 wani mai karatu ya ga an yi rubutu da hannu a gefen shafin wani littafi na tarihin Usama bin Ladan, ya sanar da FBI. Jami'i ya zo ya ce a ba shi sunan duk wanda ya taɓa aron littafin tun ƙarshen 2001. Shugabar laburaren yankin, Joan Airoldi, ta ce sai da takarda. Da aka kawo sammaci, kwamitin amintattu na laburaren ya yanke shawarar ƙalubalantarsa a kotu, domin an gano rubutun maganar bin Ladan ce da aka riga aka buga a kafofin labarai, wani ne ya kwafa. FBI ta janye sammacin, ba a ba da suna ko ɗaya ba.

Mutum huɗu da aka rufe wa baki

Labarin da ya fi shahara shi ne na jihar Connecticut. A watan Yuli 2005 jami'an FBI biyu suka je ofishin Library Connection, wata haɗakar laburare fiye da 20 da ke amfani da kwamfuta ɗaya, suka miƙa wa shugabanta George Christian wasiƙar tsaron ƙasa. Irin wannan wasiƙa FBI ce ke rubuta ta da kanta, babu sa hannun alƙali. Tana neman bayanin wanda ya yi amfani da wata kwamfuta a wata rana cikin watan Fabrairu na shekarar, kuma ta hana shi gaya wa kowa cewa ya karɓe ta.

Christian ya yi shawara da abokan aikinsa uku, Barbara Bailey da Peter Chase da Janet Nocek, suka ƙi ba da bayanin, suka kai ƙara tare da lauyoyin ƙungiyar kare 'yancin jama'a ta ACLU. A takardun kotu ba a rubuta sunansu ba. Ranar da aka saurari ƙarar a garin Bridgeport ma ba a bar su sun shiga ba, sai a wani ginin kotu da ke Hartford suka kalla ta talabijin. Ko iyalansu ba su da izinin faɗa musu. A watan Satumba 2005 mai shari'a Janet Hall ta ce rufe musu baki ya saɓa wa tsarin mulki, amma gwamnati ta ɗaukaka ƙara. Haka suka zauna shiru yayin da majalisa ke muhawarar sabunta dokar Patriot, alhali su ne suka fi kowa sanin abin da ke faruwa. Sai bayan an sabunta dokar a watan Maris 2006 gwamnati ta saki maganar. A ƙarshen watan Mayu suka fito gaban 'yan jarida, daga baya FBI ta janye buƙatarta gaba ɗaya.

A shekarar 2015 majalisa ta rage ƙarfin sashe na 215, a watan Maris 2020 kuma wa'adinsa ya ƙare ba a sabunta shi ba. Wasiƙun tsaron ƙasa kuwa suna nan, sai dai yanzu doka ta fayyace cewa wanda ya karɓa yana iya ganin lauya ya kuma kai ƙara.

Ko wace ƙasa da dokarta, kuma abin da ya yi aiki a Amurka ba lalle ne ya yi aiki a gaban jandarma ko jami'in kwastan na wata ƙasa ba. Amma darasin ya shafi duk mai riƙe da sirrin wani, ko dillali ne, ko mai masauki, ko mai shagon aika kuɗi ta waya. Waɗannan mutane ba su zagi hukuma ba, ba su ɓoye mai laifi ba. Cewa suka yi a kawo takardar alƙali, a ɗauki abin da ta ambata, a bar saura. Amana ɗaci gare ta, kuma wanda ya ba ka sunansa ya tafi gida ya kwanta, da yardar cewa ba za ka sayar da shi ba ya yi barci. Allah Ya ba mu ikon riƙon amana.