Windows 10 Ta Cika Wa'adinta: Ina Makomar Kwamfutocin Ikara, Maƙarfi Da Kudan?

Ran Talata 14 ga watan Oktoba 2025 ne kamfanin Microsoft na ƙasar Amurka ya janye hannunsa daga kula da Windows 10, bayan ta yi shekara goma tana aiki. A ranar babu kwamfutar da ta mutu a Ikara, ko Maƙarfi, ko Hunƙuyi. Akawu ya shiga ofis ya kunna tasa ta kama kamar kullum, mai shagon buga takardu ya tayar da janareta ya ci gaba da cika wa ɗalibai fom. Saboda haka mutane da dama suka ɗauki maganar a kan surutun 'yan boko ne kawai. Alhali kuwa al'amari ne da ya shafi aljihun ƙananan hukumomin nan uku, da makarantunsu, da kuma yaran da ake sa ran su zauna jarrabawa a gaban na'ura.

Ya kamata a fara da bayyana abin da ake nufi da Windows ɗin. Kowace kwamfuta, da kowace wayar hannu ta zamani, tana da wata babbar manhaja wadda ita ke fara tashi in an kunna, ita ke karɓar umurni daga madannai, ta adana takardu, ta aika da aiki zuwa injin bugawa. Sauran manhajoji, irin su ta rubuta wasiƙa da ta lissafin albashi, duk a bayanta suke goye. Don haka ba laifi a kira ta uwar manhaja. Irin wannan manhaja ba a gama gina ta. Kullum ana gano wata kafa da ɓarayin intanet za su iya bi su shiga, kamfanin da ya yi ta kuma sai ya aiko da faci a toshe. Wannan facin na kyauta shi ne aka daina aikowa. Misalinsa kamar gidan ƙasa ne da magini ya ce ya daina zuwa yaɓe. Ba zai rushe a daminar farko ba, mai gida ma zai iya yi wa maƙwabta dariya, amma kowace damina tana cin rabonta.

An taɓa ganin irin wannan. An daina kula da Windows XP a watan Afrilu 2014, mutane suka ci gaba da amfani da ita. A watan Mayu 2017 wata muguwar manhaja mai suna WannaCry ta bazu a ƙasashe fiye da 150, tana kulle takardun mutane tana neman kuɗin fansa, har ta tsayar da aiki a asibitocin Ingila da dama. Kwamfutocin da ta fi kamawa su ne waɗanda ba a sa musu facin da aka riga aka fitar ba.

Magajiyar Windows 10, watau Windows 11, ta fito tun watan Oktoba 2021, kuma kamfanin bai nemi ko kwabo ba daga mai lasin na gaskiya da ke son komawa kanta. Inda gizo ke saƙa shi ne sharuɗɗan da aka gindaya. Dole na'ura ta kasance da wani ɗan guntun tsaro da ake kira TPM 2.0, ƙwaƙwalwarta kuma, in ta kamfanin Intel ce, ta zama daga zubi na takwas zuwa sama, watau waɗanda aka fara ƙerawa a wajejen 2017. To, duk wanda ya san yadda kwamfuta ke isowa wannan yanki ya san matsalar. Galibinsu kwance ne daga ofisoshin Turai da Amurka, su sauka a Legas, su bi ta kasuwar kwamfuta ta Ikeja, su iso Kano ko Sabon Garin Zariya, sa'an nan malamin makaranta ko ɗalibi ya je ya saya da abin da ya tara. Na'urar da ta gama aikinta a Landan kafin ta ga Tashar Yari, da wuya ta cika waɗannan sharuɗɗa. A ƙarshen 2023 kamfanin bincike na Canalys ya ƙiyasta cewa kwamfutoci kimanin miliyan 240 a duniya za su iya komawa bola saboda wannan canji, kuma ba sai an faɗa wa kowa ƙasashen da irin wannan bola ta saba ƙarewa ba.

Kamfanin ya buɗe wata 'yar kafa. A sanarwar da ya yi, mutum na iya biyan dala 30, ko ya haɗa na'urarsa da asusun kamfanin, a ci gaba da aiko masa da faci har zuwa 13 ga Oktoba 2026. Ma'aikatu da kamfanoni kuwa an yanka musu dala 61 a kan kowace na'ura a shekarar farko, kuɗin yana ninkawa kowace shekara har shekara uku. Makarantu an yi musu rangwame ƙwarai, dala 1 a shekarar farko. Sai dai tun da aka saki Naira ta nemi darajarta a kasuwa a watan Yuni 2023, duk lissafin da aka yi da dala sai ma'ajin ƙaramar hukuma ya gyara zama kafin ya karanta shi.

Ra'ayin jama'a a kan abin yi ya rabu. Masu shagunan buga takardu, waɗanda su ne suka fi kowa zama da waɗannan na'urori, galibi ba su ga abin tayar da hankali ba. Hujjarsu ita ce, Windows ɗin da ke kan yawancin kwamfutocin yankin ba daga kamfanin aka saye ta ba tun farko. Mai gyara ne ya kwafo ta ya ɗora, tare da Word da CorelDRAW da sauransu, a kan ɗan abin da bai kai kuɗin motar zuwa Kaduna ba. Wasu ma da gangan suke kashe hanyar karɓar faci, don yana cinye musu data, kuma yakan tsayar da aiki ana tsakiyar layi. A ganinsu, abin da ba a taɓa ba ka ba, ba za a ce an ƙwace maka shi ba. Akwai gaskiya a cikin wannan magana, amma gaskiyar shekarun baya ce, lokacin da kwamfutar shago ba ta wuce tafireta mai haske ba. Yau a kan wannan na'urar ake shigar da lambar shaidar ɗan ƙasa ta ɗalibi, da lambar asusun banki ta ma'aikaci, da takardun tantance 'yan fansho. Wanda ya kai takardunsa shagon shi ke ɗauke da hatsarin, ba tare da an yi shawara da shi ba.

Akwai kuma matasa, yawancinsu waɗanda suka karanta ilmin kwamfuta a Jami'ar Ahmadu Bello ko a kwalejojin Zariya, da ke ganin dama ce ta samu a yi sallama da Windows baki ɗaya. Su suna nuna Linux ne, uwar manhajar da wani ɗalibi ɗan ƙasar Finland, Linus Torvalds, ya fara a 1991, wadda kowa ke da izinin kwafa da gyarawa da rabawa ba tare da biya ba. Daga cikin ire-irenta akwai Ubuntu, wadda Mark Shuttleworth, ɗan Afirka ta Kudu, ya fitar a 2004. Tana tafiya lafiya lau a kan tsohuwar na'urar da Windows 11 ta ƙi, facinta na zuwa kyauta, kuma tana da LibreOffice mai yin aikin wasiƙa da lissafi. Sukan kawo misalin jihar Kerala ta Indiya, wadda ta daɗe da ɗora makarantun gwamnatinta a kan Linux, da jihar Schleswig-Holstein ta Jamus, wadda a 2024 ta yanke shawarar sauya kwamfutocin ma'aikatanta kimanin 30,000.

Hujja ce mai ƙarfi, kuma ta fuskar ɗakin koyar da kwamfuta na makarantar sakandare da wuya a kayar da ita. Abin da yaro ke bukata ya koya shi ne riƙe linzami, da sanin mazaunin haruffa, da adana abin da ya rubuta, kuma duk wannan ba ruwansa da sunan kamfani. Amma masu wannan ra'ayi sukan tsallake birnin Munich, shi ma a Jamus, wanda ya koma Linux da ɗoki, sa'an nan a 2017 majalisarsa ta yanke shawarar komawa Windows. Sukan kuma manta cewa in injin buga takarda ya ƙi magana da Ubuntu a Paki ko Gazara ko Likoro, mai gyaran da ke kusa Windows kaɗai ya koya a wurin ubangidansa. Manhaja kyauta ce, mai kula da ita kuwa sai an horar da shi an kuma biya shi.

Ma'aikatan gwamnati su ne suka fi ƙarancin zaɓi, domin ba su ke yanke shawara ba. Takarda takan zo daga hedikwata a tsarin Word ko Excel, a nemi a cika a mayar yadda take, in jadawali ya goce da layi ɗaya a dawo da ita. Akawun da ya shekara ashirin yana aiki da abu ɗaya, tun zamanin da aka kwashe tafireta daga sakatariya, ba ya marmarin a mai da shi ɗan koyo a gaban yaran ofis. Wannan ba taurin kai ba ne kawai. Da wannan sabo ne kamfanonin manhaja suka fi riƙe kasuwa, fiye da kowane talla.

Ba yau Nijeriya ta fara tsayawa a wannan mararraba ba. A 2007 wani kamfanin Faransa mai suna Mandriva ya sami cinikin ɗora tasa Linux ɗin a kan ƙananan kwamfutoci 17,000 samfurin Classmate da aka saya wa 'yan makarantun ƙasar nan. Ba a jima ba sai labari ya fito cewa za a goge ta a sa Windows. Shugaban kamfanin, François Bancilhon, ya rubuta buɗaɗɗiyar wasiƙa mai zafi zuwa ga shugaban Microsoft na lokacin, Steve Ballmer. Microsoft ta ce ba ta yi wani abu da ya saɓa wa doka ba, daga baya kuma hukumar da ta biya kuɗin mafi yawan na'urorin ta nuna za ta bar su da Mandriva. Shi kansa kamfanin Mandriva ya rushe a 2015. Duk cacar bakin da aka yi, an yi ta ne a kan wadda za a ɗora ranar rabo. Batun wanda zai kula da na'urorin bayan an watse daga biki bai sami irin wannan kulawa ba, kuma har yau shi ne ramin da kyautar kwamfuta ga makarantu ke faɗawa.

Wani abin ban dariya shi ne, mutumin da zai rantse bai taɓa ganin Linux ba yana ɗauke da ita a aljihu, domin Android a kan ginshiƙinta aka gina ta. A yankin nan kuwa waya ta riga ta yi wa kwamfuta fintinkau. Dillalin tumatir a Ikara da mai rake a Maƙarfi da manomin inabi a Kudan ba su jira Windows ba. Da wayar Tecno ko itel ko Infinix, dukkansu na kamfanin Transsion na birnin Shenzhen a ƙasar Sin, suke jin farashin kasuwar Legas su kuma karɓi kuɗi. Amma cutar ɗaya ce. A watan Oktoba 2023 WhatsApp ta daina aiki a kan wayoyin da Android ɗinsu bai kai na 5.0 ba, a watan Janairu 2022 kuma aka kashe hidimar tsofaffin wayoyin BlackBerry waɗanda a dā sai wane da wane. Wayar tana nan lafiyarta ƙalau, batir na riƙe caji, amma an yanke mata hukunci daga wata ƙasa.

Inda abin ya fi tsanani shi ne wajen ɗalibai. Tun 2015 hukumar JAMB ta mai da jarrabawarta gaba ɗaya ta kwamfuta, a 2025 kuma Ministan Ilmi, Dokta Tunji Alausa, ya ba da sanarwar cewa jarrabawar WAEC da ta NECO su ma za su bi sahu. Yaron da ya fito daga Kauran Wali ko Kurmin Kogi zai zauna gasa da na Kaduna da Abuja a gaban allo iri ɗaya. Idan aka ce tsofaffin kwamfutocin da ke makarantu sun zama shara don kawai Windows 11 ta ƙi su, aka kulle su a sito ana jiran kwangilar sababbi, to an raba wannan yaro da ɗan abin da zai taɓa kafin ranar. Darajar faci kuwa ita kanta JAMB ta ɗanɗana ta. A watan Mayu 2025 shugabanta, Farfesa Ishaq Oloyede, ya fito ya amsa cewa wani gyaran manhaja da ba a kammala ɗorawa ba ya ɓata sakamakon ɗalibai 379,997 a cibiyoyi 157 na Legas da jihohin Kudu maso Gabas, aka sake musu jarrabawa.

Abin da ya fi kusa da hankali a nan shi ne a rarrabe na'urorin bisa ga aikinsu. Wadda ke riƙe da albashi, da bayanan marasa lafiya, da lambobin jama'a, ba ta da dalilin zama a kan manhajar da aka daina yi wa faci, ko da sayen sabuwa zai yi ciwo. Wadda yara ke koyon bugu a kai kuwa, ana iya ɗora mata Linux ta ƙara shekaru tana aiki, muddin sashen ilmi na ƙaramar hukuma zai ɗauki nauyin horar da malami ɗaya ko biyu a kowace makaranta. Sai dai kafin a yi wannan rabo dole a san adadin kwamfutocin da ke akwai, da shekarunsu, da abin da ke kansu, watau ƙidayar da ba ta bukatar dala ko ɗaya, sai littafin sito da mutum mai haƙurin zagayawa.

Akwai kuma wani ƙaramin al'amari da duk ɓangarorin suka yi shiru a kai. Windows da Linux da Android duk suna da tsarin madannai mai fitar da ƙ da ɗ da ɓ, kuma tun zamanin Windows 7 akwai fassarar Hausa da mutum zai iya ɗorawa. Duk da haka takardun gayyata da sanarwar da ake bugawa a shagunan Ikara da Maƙarfi da Hunƙuyi suna fitowa ba lanƙwasa, a rubuta ƙasa ta koma kasa, a rubuta ɓari ya koma bari. Kunna wannan tsari ba ya cin minti biyar, kuma yana nan a kan tsohuwar na'ura kamar yadda yake a kan sabuwa.