Bayan miƙa makullin ofis: abin da wasu dattawa ke cika yininsu da shi

Ranar da ma'aikacin gwamnatin tarayya ya cika shekara 60 a duniya, ko shekara 35 a bakin aiki, duk wadda ta riga zuwa, ranar ce ƙa'idar aiki ta ce ya miƙa makulli. Akan yi walima, a yi jawabai, a ba shi lambar yabo. Washegari sai ya farka da asuba kamar yadda ya saba, ya tarar babu direba a ƙofa, babu fayil a kan tebur, wayar da a da ba ta hutawa ta yi tsit. Mutumin da ya shekara talatin yana fama da cunkoson hanyar Nyanya ko ta Kubwa don ya isa Sakatariya a kan lokaci, yau ga yini guda cur a gabansa, bai san inda zai kai shi ba.

Tun da aka kafa dokar fansho ta 2004, ma'aikaci ya saba da lissafin abin da ake tara masa duk wata. Lissafin da ba kasafai ake yi ba shi ne na lokaci. Abin da aka fi tsammani daga dattijo shi ne ya koma gona ko kiwo, kamar yadda marigayi Muhammadu Buhari ya shahara da garken shanunsa a Daura. Amma akwai waɗanda suka bi wata hanya dabam, har ta ba mutane mamaki.

Olusegun Obasanjo ya sauka daga mulki a 2007, sai ya koma ɗalibi a Buɗaɗɗiyar Jami'ar Najeriya, wadda gwamnatinsa ce ta farfaɗo da ita. A ƙarshen 2017, yana da kimanin shekara 80, ya kammala digirin digirgir a ilimin addinin Kirista. An kuma san shi da wasan sikwash, wanda ake buga ƙaramar ƙwallo a jikin bango, da kuma ayo, darar Yarbawa mai gurbi 12 da 'ya'ya 48.

A Amurka, lokacin da Jimmy Carter ya bar fadar shugaban ƙasa a 1981, ma'aikatansa kayan aikin kafinta suka haɗa masa a matsayin kyautar ban kwana. Ya koma ƙauyensu na Plains yana sassaƙa kujeru da tebura, wasunsu aka yi gwanjonsu don tallafa wa cibiyarsa ta ayyukan jinƙai. Daga 1984 ya shiga aikin sa kai na gina wa marasa galihu gidaje, guduma a hannu, har ya haura shekara 90. Ya rasu a Disamban 2024 yana da shekara 100. Shi kuwa George W. Bush, zane ya fara koya bayan ya bar mulki, kuma a 2017 ya fitar da littafin hotunan tsofaffin sojoji da ya zana da hannunsa.

Mai karatu zai iya cewa waɗannan manya ne masu hali. Kimani Maruge na Kenya ba shi da komai sa'ad da ya sa kayan makaranta ya shiga aji ɗaya na firamare a 2004, yana da shekara 84, bayan gwamnatin ƙasar ta mayar da karatun firamare kyauta. Burinsa kawai ya iya karatu da lissafi da kansa.

A gida ma ba a rasa irin wannan ba, sai dai ba a cika ɗaukarsa da daraja ba. Dattawan da ke zaune a gindin bishiya suna dara, a ganin mai wucewa ɓata lokaci suke yi. Alhali gurbi 30 ne a gabansu, kowa da 'ya'ya 12, kowa na neman jera uku yana kuma toshe wa abokinsa hanya. Wasan na buƙatar hangen nesa da riƙe lissafi, ga raha da zolaya da ke tattare da shi. Haka kiwon tattabaru, wanda aka fi jingina wa samari. Tsohon da ya ɗauke shi ya samu dalilin tashi da wuri: zuba dawa, sauya ruwa, share ɗaki, duba ƙwai biyun da macen kan saka, waɗanda ita da namijin ke karɓa-karɓar kwanci a kansu na kusan kwana 18.

Amfanin ba na nishaɗi kaɗai ba ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba wa masu shekara 65 zuwa sama shawarar motsa jiki na aƙalla minti 150 a mako, ta kuma lissafa kaɗaici cikin abubuwan da ke cutar da lafiyar tsofaffi. Aikin ofis, duk da wahalarsa, yana ba mutum abubuwa uku ba tare da ya lura ba: lokacin tashi, abokan hira, da jin cewa ana buƙatarsa. Ritaya takan kwashe su a rana guda. Abin sha'awar da mutum ya riƙe da gaske yakan dawo masa da su.

Babban cikas shi ne gudun abin da mutane za su ce. Tsohon darakta da aka gani da zarto, ko hajiyar da ta yi ritaya ta shiga koyon iyo ko ɗaukar hoto, ba za su rasa mai cewa girma ya faɗi ba. Sau da yawa 'ya'ya ne ke fara hanawa, da kyakkyawar niyya: "Baba, ka huta mana." Sai hutun ya zama zaman kujera da talabijin daga safe zuwa dare. Hausawa kuwa sun ce zama wuri ɗaya tsautsayi, in ji kifi.

Akwai darasi a labarin Carter ga wanda ke bakin aiki yanzu. Tun yana yaro yake riƙe da kayan kafinta. Wanda ya jira sai ranar walima kafin ya tambayi kansa abin da yake so, yakan tarar ya manta amsar. Wannan ya fi shafar hadiman masu riƙe da muƙaman siyasa, waɗanda ba sa jiran shekara 60: aikinsu na ƙarewa ne da wa'adin maigida.

Asabar ɗaya a wata ta isa a fara. Allon dara ba ya da tsada, tattabaru biyu sun isa kafa ɗaki, Buɗaɗɗiyar Jami'a kuma tana ɗaukar ma'aikacin da ke bakin aiki. Ranar miƙa makulli tana nan a rubuce cikin fayil ɗin kowa. Abin da za a yi washegarinta ne ba a rubuta ba.